Evelio Peña da Harafi Mai Hula

"Ki zauna mana, Malama, kujerar ba ta cizo," in ji Nereida, matarka, kai Evelio. "Tasa ce, na sani. To ai bai tafi da ita ba."

Na zauna a kujerarka mai lilo, a bakin-baki, kamar mai jiran a kore ta. Ta miƙo mini kofi a ɗan ƙaramin finjalin nan mai tsagaggen baki. Ba wuta a unguwar tun hantsi, fanka ta yi tsit a kusurwa.

"Kwamfutarki tana ɗakin aikinsa," ta ce. "Ita ma ta mutu. Amma ya ce in gaya miki yana ƙoƙarin kwashe wasiƙun kafin ta cika. Ko ya gama, ko bai gama ba, ni ban sani ba."

"Waɗanne wasiƙu?"

"Na Yaima mana. 'Yarki."

"Yaima ba ta rubuto mini."

Ta dube ni irin duban da nas ke yi wa majinyacin da ya ce ya sha maganinsa duka. "Haka kika sa shi ya yi. Ba haka ya yi ba. Sha kofinki, in an kawo wuta mu shiga mu gani."

Evelio Peña ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Maris na shekarar 2023, da la'asar, a gidansa da ke nan Santa Clara, yana da shekara sittin da takwas. Zuciya ce. Nereida ta shiga kai masa ruwa ta same shi ya kifa kai a kan teburin aiki, sukundireba na hannunsa. Washegari aka binne shi. Wannan zama da na fara ba da labarinsa kwana tara ne bayan nan, ranar da aka rufe addu'o'i.

Mujallar tsofaffin malaman jami'a ta ce in rubuta wani abu, domin ni ce mai rubuta wa matattunmu. Wannan ce ta'aziyya ta tara a cikin shekara huɗu, kuma na gaji. Na gaji da neman kalmomin da za su sa mai rowa ya zama mai tattali, mai faɗa ya zama mai tsayawa kan gaskiya. Kai kuwa, Evelio, ba ka buƙatar wannan kwalliyar. Ba malami ba ne kai, mai gyaran kwamfuta ne. Ɗakinka a jami'a yana ƙarƙashin matakala, kusa da inda ake ajiye tsintsiya, kuma shekara ashirin da wani abu farfesoshi masu littattafai bakwai-bakwai suna saukowa can da hula a hannu, domin saƙonsu ya ƙi tafiya.

A 2004 ka fara zuwa gidana. Shekarar ce aka ba manyan malamai izinin karɓar imel daga gida, ta layin tarho. Ka zo a kan baƙin kekenka, faya-fayen manhaja suna cikin gwangwanin biskit ɗaure da roba a bayan sirdi. Ka yi awa uku a durƙushe bayan teburina. Da ka gama, akwatin da ke haɗa kwamfuta da layi ya yi kukansa na mage da aka taka wa wutsiya, ka ce, "Kin ji ko? Gaisawa suke." Sannan ka rubuta mini adireshina a takarda.

Na duba na ce akwai kuskure. Sunan mahaifina Quiñones ne, da n mai hula, ba Quinones ba. Shekara ashirin a lokacin ina koyar da nahawu, kuma na kayar da ɗalibai a kan abin da bai kai wannan ba.

"Inji bai san hula ba, Malama," ka ce. "Waɗanda suka ƙera hanyar ba su da harafin a yarensu. A adireshi kowa kai ba hula yake shiga, kamar coci."

"To a gaya musu su gyara."

"Zan gaya musu in mun haɗu a layin burodi." Ka juya takardar ka rubuta naka adireshin a baya. "Dubi nawa. Ke aƙalla da aka cire miki hula ba ki zama komai ba. Ni Peña ne, dutse. Suka tuɓe ni na koma pena. Duk wanda ya rubuto mini, kunya da baƙin ciki yake rubuta wa. Kuma ga ni ina cin tuwona."

Ban yi dariya ba. Na ɗauka ba daidai ba ne mutum ya yarda a ɓata masa suna cikin sauƙi haka. Har yanzu akwai wani sashe nawa da ke ganin haka.

Tambayoyinka uku ne, kowa a garin nan ya san su. An kunna ta? An jona waya? Me ka taɓa? Ta ukun ce ke fid da raini. Shugaban sashenmu, mutumin da minista ke kira da sunan yanka, na gan shi ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ban taɓa komai ba." Kai kuma ka ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Maƙabarta cike take da waɗanda ba su taɓa komai ba." Daga nan sai ka gano ya sauya lambar tashar da saƙo ke fita ta cikinta, saboda ya karanta a wani wuri cewa hakan yana ƙara sauri. Ba ka taɓa tona shi ba. Ni ce nake tona shi yanzu, shi ma ya rasu, kuma na riga na rubuta masa tasa.

Waɗanda suka fi cin moriyarka ba mu ba ne. Iyayen waɗanda suka tafi ne. A shekarun nan akwatin saƙo ƙarami ne ƙwarai, hoto ɗaya mai nauyi yana iya toshe shi na mako guda, duk abin da ke bayansa ya tsaya cik. 'Ya'ya a waje ba su san haka ba, sai su turo hoton jariri kamar girman ƙofa. Kai ne ke bi gida-gida kana fitar da abin da ya maƙale, kana rubuta wa masu turowa yadda za su rage hoto kafin su aiko. Akwai tsohuwar da ke bayan kasuwa, wadda ɗanta likita ne a wata ƙasa, ba ta yarda da maɓalli ba. Takan rubuta wasiƙarta da hannu, kai ka buga mata, har da inda ta zage shi don bai sa rigar sanyi a hoto ba. Ta taɓa gaya mini ba ka taɓa sassauta mata zagi ko ɗaya ba. Abin da take yabonka da shi ke nan.

Akwai kuma ɗalibata da ta zo ofishina tana kuka mako biyu kafin kare kundin digirinta. Cutar kwamfuta ta shiga filash ɗinta, duk foldoji sun ɓace, aikin shekara biyu. Ni na ba ta shawarar da malamai ke bayarwa, wato na ce da ta ajiye kwafi. Kai ka karɓa, ka buga layi ɗaya a baƙin allo, komai ya dawo. Ka ce mata, "Ba sharewa ta yi ba, 'yata, ɓoyewa ta yi. A cikin inji abu bai cika ɓata ba. Sai dai a daina nemansa." Na tuna na ɗauki maganar a matsayin irin falsafar masu gyara. Ban san da ni kake ba, ko da yake lokacin kai ma ba ka sani ba.

Yanzu dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa a rubuce ba, tunda in ban faɗa ba ba za a gane abin da ka yi ba.

'Yata ɗaya ce, Yaima, likitar haƙori. A 2011 aka tura ta aiki Venezuela. A watan Nuwamba ta bar wurin aikin ba sallama, ta tsallaka iyaka. Ta san abin da hakan ke nufi: shekara takwas ba za a bar ta ta shigo ƙasar nan ba. Ta san kuma kakarta, mahaifiyata, wadda ta goye ta ina aji, tana kwance. Tsohuwar ta rasu a Disamba tana tambaya ko jirgin ya sauka.

A makon farko na Janairu saƙo ya shigo daga Kanada. Dogo ne. Ta ba da haƙuri, ta yi bayani, ta sake ba da haƙuri. Ta rubuta shi ne da kwamfutar wani ɗakin karatu, a kan allon maɓallan da ba shi da harafinmu. Saboda haka a ƙarshe, inda ta so yi mini barka da sabuwar shekara, kalmar año, wato shekara, ta zo kai ba hula. Kowane yaro ɗan aji biyu ya san abin da take zama in an tuɓe ta. 'Yata ta yi wa uwarta mai makoki fatan sabuwar dubura mai albarka.

Wata uwar da ta yi dariya har ta yi kuka, a wuce wurin. Ni na amsa da layi ɗaya. Na rubuta: "Ana sa wa n hula." Na tura. Sannan na aika a kira ka, na nuna maka saƙon da amsar da na ba ta.

"Ina so duk abin da ya fito daga wannan adireshin a share shi kafin in gani," na ce. "Ana iyawa?"

"Ana iyawa. Doka ake sa wa manhajar." Ka cire tabarau kana gogewa da gefen riga. "Malama, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Likitoci suna yankewa kullum. Tambayi 'yata, ita haƙori take cirewa."

"A kan harafi ɗaya?"

"Evelio, na kira ka ne ka gyara inji."

Ka zauna, ka yi 'yan danne-danne, ka miƙe. "An gama," ka ce. Ka ƙi shan kofi a ranar. Wannan ne kaɗai faɗan da ka taɓa yi da ni.

Ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa ban ga komai ba. Idan manhajar tana ɗebo saƙonni takan ƙirga su a ƙasan allo: na ɗaya cikin uku, na biyu cikin uku. Sau da yawa, musamman ranar Lahadi, takan ce uku, in duba akwati in ga biyu. Na tambaye ka sau ɗaya.

"Tarkacen talla ne," ka ce, ba ka ɗago ba. "Inji ke cinyewa."

Akwai kuma wata folda can ƙasan jeri, a naɗe cikin wata, da ka sa wa suna "Na inji, kada a taɓa." Ni da ban bi umarnin miji ba, ban bi na shugaban jami'a ba, na bi wannan shekara goma sha ɗaya ba tare da gardama ba. Na sha gaya wa ɗalibai cewa wanda bai yi tambaya ta biyu ba, ya riga ya san amsa ne.

Abin da na ɗauka tsufa ne da rashin aikin yi, yanzu na gane shi. Duk bayan wata biyu ko uku sai ka ƙwanƙwasa ƙofata ba a kira ka ba, ka ce ka zo duba lafiyar yarinyar, wato kwamfutar. Ka soka filash ɗinka, ka ce kana sabunta maganin cuta. Ka zauna kana kallon bishiyar gwaibata har abin ya gama. Sau uku na sauya kwamfuta a tsawon shekarun, sau uku kai ka kwashe kaya daga tsohuwa zuwa sabuwa, kuma kowane karo foldar nan tana biyo ni kamar karen gida. Da na yi ritaya aka rufe adireshin jami'a, kai ka buɗe mini sabo. Ban tambayi kaina yadda aka yi ƙidayar ranar Lahadi ta ci gaba da zarce abin da nake gani ba, alhali ban ba kowa sabon adireshin ba sai ofishin fansho da ƙanwata.

Ranar Juma'ar ƙarshe, ni ce na kira ka. Kwamfutar tana wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, tana daskarewa. Ka kara kunne a jikinta kamar likita. Na ga fuskarka ta sauya.

"Faifan ciki ne," ka ce. "Yana mutuwa. Yaushe ya fara?"

"Ya kai wata guda."

"Wata guda. Kuma ba ki kira ni ba."

"An ce ba ka jin daɗi. Ban da haka ma me ke ciki? Takardun fansho da yadda ake dafa rogo."

Tun Oktoba ciwo ya hana ka zagayenka, kuma filash ɗin da ka saba ajiya a ciki, in ji Nereida, ruwan sama ya shiga jakarka ya lalata shi a damina. Wato abin da ke cikin faifan nan mai ƙas-ƙas shi ne kaɗai ya rage. Ni ban san wannan ba. Na tsaya a baranda ina kallon dattijo mai ciwon zuciya yana naɗe kwamfuta da tawul ɗina, yana ɗaure ta a bayan keke, yana tura keken da ƙafa don kada gargadar titi ta ƙarasa faifan. Abin da na ce maka shi ne ka dawo mini da tawul ɗin.

Likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, ko da keke ko babu. Na karɓi wannan magana domin ina buƙatarta.

Wajen ƙarfe huɗu fankar Nereida ta motsa da kanta. Wani a maƙwabta ya yi tafi.

"Taso," ta ce, "kafin su tuna da mu."

Ɗakin aikinka yana nan yadda ka bar shi. Kwamfutata a buɗe, cikinta a waje, tawul ɗina a ninke a gefe. Kusa da ita taka tsohuwar, wadda ka harhaɗa daga gawarwakin wasu. A kan teburin akwai sabon filash, an manna masa 'yar farar takarda. Ba suna a kai. Harafi ɗaya ka rubuta, da hularsa.

"Dare da rana yana kai tun Juma'a," in ji Nereida. "Abin ya kama, ya saki, a ɗauke wuta, ya sake daga farko. Na ce, tsoho, matar nan ko gaisuwar kirki ba ta iya ba. Yi haƙuri, Malama, haka na ce."

"Ba ki yi ƙarya ba."

"Ya ce ba don ke yake yi ba."

Na kunna taka, na soka filash ɗin. Na yi tambayoyinka uku a zuci. Abin ya yi tunani mai tsawo, sannan ya buɗe.

Wasiƙa ɗari huɗu da talatin da ɗaya. Sha bakwai daga ciki ba sa buɗuwa, faifan ya tafi da su, ko kuma kai ne ka tafi kafin ka kai gare su. Sauran suna nan, a jere bisa kwanan wata. Ban buɗe ba tukuna, kanunsu kawai na bi da ido. Na faɗi jarrabawa. Na sake zama. Na ci. Akwai wani mutum. Ina da ciki. Mace ce. Ta yi haƙori. An ce yanzu ina iya zuwa, in kin ce in zo. Wannan na ƙarshen a 2019 ne. Bayansa akwai wasu ɗari da wani abu, ranar Lahadi bayan ranar Lahadi.

"Bai karanta ko ɗaya ba," in ji Nereida daga bakin ƙofa. "Kin san shi da kunya. Sau ɗaya a shekara dai yakan rubuta mata, ya ce uwarki lafiya lau, har yanzu tana gyara wa mai burodi rubutun allonsa. Ya gaya mata gaskiya tun farko, ya ce ba kya karantawa, amma yana ajiyewa. Ta ce ya ci gaba da ajiyewa."

Na koma sama na buɗe ta farko a jerin, wadda ta biyo bayan layina ɗaya. Gajera ce.

"Mama, kin yi gaskiya, ana sa mata hula. Kawu Evelio ya rubuto ya koya mini. A riƙe maɓallin Alt, a danna ɗaya, shida, huɗu, a saki. Ga ta: ñ. Barka da sabuwar shekara, yadda ya kamata."

Na buɗe wata daga tsakiya, na buɗe wata daga ƙarshe. Sana'a ba ta barin mutum, abin da idona ya fara nema ke nan. Babu inda ta bar harafin kai ba hula. Shekara goma sha ɗaya yarinyar nan tana danna maɓalli huɗu domin harafi ɗaya, saboda uwar da ta san ba ta karantawa.

Ka yi mini ƙarya, Evelio. Ina so a rubuta wannan, tunda a irin wannan rubutun an saba cewa mamaci bai taɓa ƙarya ba. Ka dube ni ka ce an gama. Ka ce talla ce. Na ba ka aiki a fili, ka yi akasinsa a cikin gidana, da wutar lantarkina. Da na gano a shekarar farko da na kai ƙararka, kuma ka san haka. Ka ɗauki amanar da ban ba ka ba, ka riƙe ta fiye da yadda na riƙe wadda Allah ya ba ni.

"Ba ta san ya rasu ba," in ji Nereida. "Ni ban iya abin nan ba, yaranmu kuma sun koma. Akwatinsa a buɗe yake, ba ya rufewa. Ke ce mai ilimi. Rubuta mata."

"Daga adireshinsa?"

"To daga na wa? Naki ai yana cikin gawar can."

Na ce zan shirya rubutun a gida in kawo gobe. Ta ce gobe ba wuta, an sanar. Ta ja kujera ta zauna a bayana, ta naɗe hannu. Na fahimci yadda aka yi ka yi shekara arba'in ba ka makara cin abinci ba.

Na ɗora hannu a kan maɓallan. Wani ɗan'uwan Nereida ne ya kawo maka allon maɓallan daga waje, inda harafinmu ya kamata ya zauna wata alama ce daban. Na san kalmar da zan fara da ita, wadda nake kiranta da ita tun tana goye, niña, yarinya. Na riƙe Alt, na danna ɗaya, shida, huɗu, na saki. Ba abin da ya fito. Na sake. Kwamfutar ta yi ƙara kaɗan, kamar mai gyaran murya. Na sake na uku, a hankali. Ba komai. Na san akwai wani ƙaramin abu da na taɓa ko ban taɓa ba, wanda da kana tsaye a bayana da yatsa ɗaya za ka nuna. Na ma juya. Nereida ce kawai.

"Me ya faru?"

"Harafin ya ƙi fitowa."

"To rubuta ba shi mana. Za ta gane."

Na rubuta ba shi. Na gaya mata ka rasu, da rana, da yadda aka same ka. Na gaya mata ni ce, ba kai ba, kada ta tsorata da adireshin. Na ce na ga ɗari huɗu da sha huɗu, sha bakwai sun ɓata, in ta tuna abin da ke cikinsu ta sake faɗa mini. Na tambayi sunan yarinyar. A ƙasa na sa sunana, Migdalia Quinones, kai ba hula, kamar mai shiga coci. Ban sake karantawa ba, karo na farko a rayuwata. Na tura. Saƙon ya zauna a akwatin fita har na fara fid da rai, sannan akwatin ya zama fanko.

Ta haka wasiƙata ta farko ga 'yata ta fita da kuskure biyu, daga adireshin da ke cewa kunya da baƙin ciki. Ka taɓa gaya mini inji bai san ma'ana ba. Ban tabbata ba.

Allah ya ji ƙanka, Evelio Peña. Ya gafarta maka kurakuranka, har da wannan ƙaryar, in ya ƙirga ta a cikinsu. Ya ba ka hutun da ba mu ba ka ba, mu da muke kiranka ana tsakiyar cin abinci don mun manta kalmar sirri. Ya sa abin da ka adana wa mutane ya zama an adana maka a wurinsa, ba abin da ya ɓata ko ɗaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nereida, da 'ya'yanku Orestes da Idalmis, da jikoki, da tsofaffin garin nan da yanzu za su zauna gaban allo ba su san wanda za su kira ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Nereida ta raka ni zaure. Na sa filash ɗin a jaka, tawul ɗina a hammata.

"Kin san dai amsar nan za ta zo," ta ce, "ba gidanki ba."

Ban yi tunanin wannan ba.

"Jibi akwai wuta da safe. Ki zo da kofi, nawa ya ƙare a kan masu gaisuwa. Kuma in kin zo ki gaishe ni tukuna."

Na ce to. Na sauka matakala biyun zuwa titi. Ƙofar gidanka ta kumbura tun wata damina da ba wanda ya tuna, sai an ɗaga ta kaɗan take shiga, kuma shekara da shekaru kana cewa za ka duba ta ranar Asabar. Na ji Nereida ta sa kafaɗa ta ɗaga, ƙofar ta rufu. Na kama hanyar gida.